Ɗigon da Ya Faɗi a Gefen Hoto

Litinin, 1 ga Satumba, ƙarfe 1:20 na rana

Ni ba kishi nake ba. Gara in fara rubuta wannan tun kafin biro ya ja ni wani wurin.

Yau da safe Oga Bamiji ya tara mu, mu biyar ɗin da ke ofis, ya ce Tinuola ce za ta ja ragamar sabon Gege. Gege fa! Manhajar rubutun da na gina da hannuna shekara shida, tun ofishinmu yana bayan shagon mai gyaran fanka a Oke-Ado, har ta kai yau da wuya ka sami mai madaba'a a Mokola da ba da ita yake buga Yarabanci ba. Laifinta ɗaya, rubutu zalla ta iya. Yanzu masu ɗab'i suna son baƙi mai kauri da mai karkata, da manyan kanu, da hoto a tsakiyar shafi rubutu na zagaye shi. Shekara biyu ina yi wa Oga wannan magana yana cewa a bari a gani. Sai da yarinya ta zo daga Legas wata huɗu da suka wuce, ta faɗa masa da Turancin hanci, sannan kunnensa ya buɗe.

"Anti Monsura za ta riƙe mana tsohon Gege," in ji shi, "ai ita ce uwarsa." Wato in zauna in yi gadin gida. Aka tafa, ni ma na tafa, har tafin hannuna ya yi zafi.

Ran biyu ga Oktoba za ta nuna aikin a gaban ƙungiyar masu ɗab'i. Wata guda cur. A zuba mu gani.

Talata, 2 ga Satumba, ƙarfe 8:05 na safe

Sun mayar mata da teburi bakin taga. Ni dama ban taɓa son tagar ba.

Alhamis, 4 ga Satumba, ƙarfe 2:40 na rana

Ta kawo min amala da miyar ewedu daga wurin matar nan ta bakin kasuwar Bodija, har da rusunawa. Wa ya aike ta? Na ci dai, don ba amalar ce ta yi min laifi ba.

Ta ja kujera ta zauna. "Anti, don Allah yaya tsohon Gege yake ajiye haruffa masu ɗigo a ƙasa? Na ga kamar akwai wata dabara a wurin."

Akwai kuwa. A wayoyin yanzu harafi da ɗigonsa abu ɗaya ne, a haɗe suke fitowa. A Gege na, da na gina lokacin da babu wannan gatan, ɗigo daban yake, harafi ne ke goye da shi. Minti biyu ya ishe ni in gaya mata. Na ce, "Duk yana nan a rubuce cikin bayanin manhajar, ki karanta." Shafi ɗari da sittin ne bayanin, kuma ni kaina ban tabbata na rubuta wannan a ciki ba.

Ba ta ji haushi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Sai ta ɗauki hoton Baba da ke kan teburina, wanda ya karkata hula yana dariya. "Babanki ne? Kai, ya iya sa hula!" Ban san lokacin da bakina ya kufce ba. Na gaya mata ƙarshen watan nan za a yi addu'ar cikarsa shekara goma da rasuwa, za a buga ɗan littafi a raba. Na ce tun ina gina Gege nake mafarkin ranar da zan ga hoton nan a tsakiyar shafi, rubutun mahaifiyata Mami na kewaye da shi. Ta kalle ni, ta sake kallon hoton. Na karɓe hotona na ce lokacin aiki ya yi.

Asabar, 6 ga Satumba, ƙarfe 5:30 na yamma, gidan Mami

Na tarar da Mami a falo da tsohuwar kwamfutar da na bar mata, mai tsohon Gege a ciki, tana buga ta'aziyyar da za ta sa a littafin da yatsa biyu, tabarau a kan hanci. Shekara talatin da biyar tana koyar da Yarabanci, har yau unguwa Mama Tisa, wato Mama Malama, take ce mata. Matar da ke tsayar da tasi don ta gaya wa mai shago allonsa ba ɗigo. Ni kuwa na sha jan biro a hannunta tun kafin in iya ɗaura zane.

"Kar ki leƙa," ta ce, ta kare fuskar kwamfutar da hannu. "Tsakanina da mijina ne, sai ranar."

Ƙanena Taofiki ne zai kai aikin madaba'ar Baba Ajisafe, kwafi ɗari huɗu. Na ce masa ni ba ni da lokaci, ya ce dama bai tambaye ni ba.

Anti Wulemotu, ƙanwar Baba, ta aiko cewa tun ran Laraba kafin taron za ta sauka a gidan. Mami ta ce, "Gidan wanta ne, ta zo." Shekara goma ba su zauna a tabarma ɗaya ba. Abin da aka yi a kan gonar koko ta Akanran bayan rasuwar Baba, da abin da matar nan ta tsaya a tsakar gida ta ce ya kawo Mami gidan tun farko, ba zan rubuta shi a nan ba. Mami ta riƙe gonar don da ita ta kai mu makaranta. Shi ke nan.

Litinin, 8 ga Satumba, ƙarfe 12:10 na rana

Tinuola ta nuna mana inda ta kai. Ta jefa hoton wata amarya a tsakiyar shafi, ta ja shi hagu, rubutu ya matsa ya ba shi wuri. Ta ja shi dama, rubutu ya biyo ya rufe gurbin, kamar ruwa a gefen dutse. Har lanƙwasar gwaggwaron amaryar layukan ke bi.

Ya yi kyau. Allah ya isa, ya yi kyau.

Ni da zan yi, da murabba'i zan sa rubutun ya bi, ban taɓa tunanin bin siffar mutum ba. Oga ya miƙe tsaye yana "Kun gani? Kun gani?" kamar mu makafi ne. Na ce, "Ba laifi." Na shiga banɗaki na daɗe ina wanke hannun da ba abin da ya taɓa.

Laraba, 10 ga Satumba, ƙarfe 11:15 na safe

Ta turo min sabon Gege ta ce, "Anti, ke kika san cikinsa da bayansa, don Allah ki duba min da idonki. In kin ce ya yi, hankalina ya kwanta."

Na duba. Na ɗauko wani tsohon aiki da aka buga da tsohon Gege, na sa hoto a tsakiya. A fuskar kwamfuta komai ras. Na tura wa firinta don in gani a takarda, abin da 'yan yanzu ba sa yi. Layukan sama lafiya, layukan ƙasa lafiya. Layukan da ke gefen hoto kuwa, waɗanda manhajar ke yankawa ta sake aunawa, duk ɗigon ƙasa ya zube. Ko ɗaya bai tsira ba. Tana yanka layin sai ta ɗauki ɗigon goyo a matsayin shara ta watsar. Ita da rubutun wayarta take gwaji, ba za ta taɓa gani ba.

Gyaran layi uku ne kacal a cikin manhajar. Na rubuta shi kafin shayina ya huce. Na ajiye shi a wani wuri da na sa wa suna "girke-girke". Takardar kuma na ninke ta huɗu, tana cikin jakata.

Laraba, ƙarfe 4:50 na yamma

Ta tambaye ni. Na ba ta amsa.

Alhamis, 11 ga Satumba, ƙarfe 9:30 na safe

Oga a gaban kowa: "Tunda Anti Monsura ta ce lafiya lau, magana ta ƙare." Tinuola ta waigo ta yi min murmushi har da ɗaga hannu biyu.

Ba ƙarya na shirya ba, jinkiri ne kawai. Ran biyu ga wata masu ɗab'i za su zo da tsofaffin ayyukansu, kuma na san Baba Ajisafe, ba ya yarda da abin da bai riƙe a hannu ba, sai ya ce a buga masa a takarda. Za a buga. Za a yi tsit. Sai in tashi a hankali in ce, "Ba ni minti biyar." Ba wanda zai mutu. Kowa dai zai tuna wa ya haifi Gege. Kafin ranar sabon ba zai fita daga ofis ba, wa zai cutu?

Juma'a, 12 ga Satumba, ƙarfe 3:00 na rana

Ni ba kishi nake ba. Haƙƙina nake nema.

Talata, 16 ga Satumba, ƙarfe 1:45 na rana

Baba Ajisafe ya zo ofis da kansa, da sandarsa da warin tawadarsa. Shekara shida in ya shigo "Ina Injiniya?" yake fara cewa, ni ce Injiniya. Yau ya gaishe ni a tsaye ya wuce bakin taga. "'Yata, 'yata, hannunki da albarka!" Suka yi ta ƙus-ƙus, kai a haɗe. Da na tashi ɗebo ruwa na bi ta bayansu, sai ta yi wuf ta rufe kwamfutar, shi kuma ya hau tari na ƙarya.

To! Har an kai nan? Abokan cinikin da na tara da ƙafata, ina yawo Mokola cikin ruwan sama ina koya musu inda ake danna ɗigo, yau da su ake ɓoye min abu. Jiya ma na ji ta a waya a baranda tana ƙyalƙyala dariya, "Kar dai ka bari ta sani." Ta gan ni ta kashe.

Na kira Taofiki in ji maganar littafi, ko don in huce. Ya ce, "Anti, ke da ba ki da lokaci? Ki bar min kayana." Shi ma dariya yake. Kowa dariya yake a garin nan ban da ni.

Alhamis, 18 ga Satumba, ƙarfe 2:15 na rana

Saura ƙiris yau.

Mu biyu muka rage a ofis, ni da Tinuola, ana ruwa. Ta buɗe alalenta ta tura min rabi. Ta ce gwajin wata shida Oga ya ɗauke ta, in taron nan ya yi kyau zai tabbatar da ita, in bai yi ba sai Legas, gidan yayarta, ɗaki ɗaya da yara uku. Ta ce, "Anti, kin san tun ina jami'a da Gege na rubuta aikina na ƙarshe? Sunanki na gani a ƙasan manhajar, na ce ashe mace ce. Saboda ke na nemi aikin nan."

Hannuna har ya shiga jaka, na taɓa takardar. Wallahi na taɓa ta. Na buɗe baki na ce, "Tinu..."

Sai ga Oga ya faɗo yana karkaɗe lema. "Ina ƙwaƙwalwar gidan nan? Zo ki ga saƙon da shugaban ƙungiya ya turo a kanki!"

Ƙwaƙwalwar gidan nan. Na zare hannuna daga jaka. Da ta dawo ta ce me zan ce ɗazu, na ce gishirin alalen ya ɗan yi yawa.

Lahadi, 21 ga Satumba, bayan la'asar

Sau biyu ina rasa ko raka'a nawa na yi.

Talata, 23 ga Satumba, ƙarfe 7:40 na safe

Na karɓo ɗinkin ankon ran Asabar, na kuma ba da shuɗin leshina a goge min don ran biyu ga wata. A cikin tasi na kama kaina ina gwada yadda zan ce "Ba ni minti biyar", ko da murmushi ko ba murmushi. Matar da ke kusa da ni ta matsa.

Alhamis, 25 ga Satumba, ƙarfe 6:10 na yamma, gidan Mami

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bari in bi shi daki-daki.

Na tashi aiki da wuri na zo taya aiki. Tsakar gida cike da mata, ana gyaran tattasai ana tsince wake. Anti Wulemotu na kan kujerar Baba a baranda, ba ta taɓa ko albasa ɗaya ba, sai ba da umarni. Wajen ƙarfe huɗu tasi ta tsaya a ƙofar gida. Taofiki ya fito da kwali a ka. Bayansa Tinuola, da wani kwalin a hannu, bakinta har kunne.

"Anti Monsura, kyautarki!" ta ce. "Mako biyu muna ɓoye miki, ni da Broda Taofiki da Baba Ajisafe. Kin ce kina so ki ga Baba a tsakiyar shafi. Littafinsa ne na farko da sabon Gege ya buga a duniya."

Ta miƙo min ɗaya da hannu biyu. Na buɗe shafin tsakiya. Ga Baba da hularsa a karkace yana dariya, rubutun Mami ya bi gefen hular, ya gangaro ta kafaɗarsa, ya zagaye hannun rigarsa. Abin da na yi shekara shida ina gani a raina. Na yi daƙiƙa biyu ina jin daɗi, Allah ya sani, kafin in tuna da wace kwamfuta Mami ta buga rubutun.

Mami ta fara kowane sakin layi da ọkọ mi, mijina. Sau bakwai. Duk bakwai ɗin sun faɗo a gefen hoton. Ba ɗigo a ƙasa, abin da ke takardar oko mi ne. Gonata.

Kafin in rufe, Anti Wulemotu ta riga ta zari nata daga kwali, ta ɗora tabarau. Na ga lokacin da ta gani. Fuskarta ta washe kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. Ta miƙe tsaye, ta gyara murya.

"Ku saurara, jama'a, Mama Tisa ta yi rubutu! 'Gonata, shekara goma ke nan ina kwana ina tashi da ke a raina. Gonata, ba wanda ya isa ya raba ni da ke. Gonata, saboda ke na haƙura da duk abin da na gani a gidan nan.'" Ta sauke littafin. "To, alhamdulillahi! Shekara goma muna faɗa ana ce mana 'yan sharri. Yau ga shi ta buga da kanta, har kwafi ɗari huɗu. Kuma kar wanda ya ce min kuskure ne. Matar da ke gyara wa liman ɗigo?"

Wata ta yi dariya ta toshe baki da gyale. Wata ta ce, "Haba, Wule." Sauran suka sunkuyar da kai cikin wake.

Mami ta fito daga kicin tana goge hannu a zane. Ta karɓi littafin daga hannuna, ta nisantar da shi, ta matso da shi. Ta daɗe a kan shafin. Ba ta kalli Anti Wulemotu ba, hoton take kallo. Leɓenta na ƙasa ya ɗan motsa, irin yadda ya yi ranar da aka fita da Baba. Sai ta juya ta shiga ɗaki ta tura ƙofa.

Tinuola ta tsaya tsuru-tsuru da kwali a hannu. "Amma a kwamfuta daidai yake," take ta faɗa, "na tura wa Broda hotonsa ta waya, daidai yake." Sai ta juyo ta dube ni. Ni na fara kawar da kai.

An kira Baba Ajisafe. Ya ce bugu da ninki da ɗinki, ko ya kwana a tsaye sai Litinin.

Juma'a, 26 ga Satumba, ƙarfe 10:30 na safe

Oga ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Labari ya zaga Mokola tun jiya, har shugaban ƙungiya ya bugo. Ya ba ni haƙuri a kan Mami kamar zai durƙusa. Ya ce, "Laifina ne, na ɗora wa yarinya kayan da ya fi wuyanta. Ke ma da ta ba ki dubawa, na san a kwamfuta kika duba, wa zai yi tunanin takarda? Ki karɓi aikin, Injiniya. Ke za ki tsaya ran biyu ga wata. Ita kuma in wata ya ƙare sai mu sallame ta cikin mutunci."

Ga shi nan. Ga abin da nake so, an miƙo min a faranti. Teburin bakin taga ba kowa, Tinuola ta nemi izini ba ta zo ba. Na ce, "To, Oga."

Juma'a, ƙarfe 5:45 na yamma, gidan Mami

Na tarar Mami ta sa an shigar da kwalayen ɗakinta. Tana zaune a ƙasa, ƙafa a miƙe, faranti a cinya, littafi a kan farantin, baƙin biro a hannu. Tana buɗe shafin tsakiya, ta ɗiga biyu, biyu, biyu, har sau bakwai, sannan ta bi sauran kalmomin gefen hoton, ta hura, ta ajiye a dama. Tun asuba take yi. Ta ce ba ta jiran inji, mijinta ba zai shiga hannun mutane a haka ba.

A gabanta Tinuola ce gwiwa biyu, idanu sun kumbura. Ashe tun azahar ta zo. Na zauna na ɗauki biro na jawo littafi.

Mami ba ta ɗago ba ta ce, "'Yata, tashi, gwiwarki za ta yi ciwo. Kin yi don ki faranta ne, na sani. Amma a wurin aikin naku ba a ba wani ya duba? Ni ko jarrabawar 'yan aji ɗaya na rubuta, sai na ba wata malama ta bi."

Kalma ɗaya ta rage wa yarinyar nan ta ceci aikinta. An ce za a kore ta, ta sani, Oga ya gaya mata a waya.

Ta ce, "Ban ba kowa ba, Mama. Ni kaɗai na yi."

Kuma abin kunyar da zan rubuta, don littafin nan ba ya faɗa wa kowa: abin da na fara ji ba godiya ba ne. Haushi na ji. Har a nan ma ta fi ni.

Mami ta ɗiga nata biyu, ta hura. Sannan ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, kallon da take yi wa aji in an fasa taga kowa ya ce ba shi ba ne.

"Monsura, ke da ba ki aika ko katin biki sai kin gan shi a takarda. Abin nan a ofishinku aka gina shi, kina zaune?"

Na ce, "Ba ni aka ba aikin ba, Mami."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Na ji ƙarar tukwane a waje, da muryar Anti Wulemotu tana faɗa a kan nama. Mami ta miƙo hannu ta zare biron daga yatsuna a hankali, ta miƙa wa Tinuola.

"Zo nan kusa da ni, 'yata, ki kama min. Ke kuma je ki taya su wanke shinkafa, kar ki ɓata min miji."

Na fita. Ta taga ina hango kawunansu biyu a sunkuye, Mami na nuna mata inda ɗigo ke zama, kar ya taɓa harafi kar kuma ya yi nisa. Haka ta koya min ina 'yar shekara biyar.

Asabar, 27 ga Satumba, ƙarfe 7:00 na safe

Sun gama. An jera littattafan a kwali a bakin ƙofa, masu kafa rumfa sun iso.

Da na dawo daga wanka na tarar da kwafi ɗaya a kan jakata, da baƙin biron a kai. Na buɗe tsakiya. Ba a taɓa shi ba, gonata sau bakwai a gefen fuskar Baba. A cikin bangon, da rubutun Mami: "Wannan naki ne."

To, bari in rubuta shi yadda yake, tunda kwana goma sha bakwai ina kewaye shi. Ran Laraba, goma ga wata, na ga ɗigon ya zube. Na gyara shi a minti goma na ɓoye gyaran. Tinuola ta tambaye ni, na dubi idonta na ce lafiya lau. Kishi nake. Tun ranar farko kishi nake.

Na ɗauki hoton takardar da ke jakata, kwanan watan na nan a ƙasanta inda firinta ya buga shi. Na haɗa da layi ukun nan na tura wa Oga da Tinuola a saƙo ɗaya, na rubuta abin da na rubuta a sama, ban rage ko kalma ba. Na ce ita za ta tsaya ran biyu ga wata, in akwai wadda za a sallama ba ita ba ce. Alama ta nuna duk sun karanta. Ba wanda ya amsa tukuna.

Na ɗiga ɗigon Baba, goma sha huɗu. Saura in kai wa Mami ta duba, in kuma faɗa mata da bakina kafin baƙi su cika gidan. Tana ɗaki tana ɗaura gwaggwaro. Tinuola ce ke riƙe mata madubi.